Maganin tire da ƙodarmu: jawabin da aka yi a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, ƴan uwa mazauna Yamai da waɗanda suka taso daga gida, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan magani take. Kowa ya san babban asibitin Lamorde da ke ƙetaren kogi, kusa da Jami'ar Abdu Mumuni, wanda yanzu ake kira asibitin Amiru Bubakar Jallo. A can akwai sashen masu ciwon ƙoda, inda na'ura ke wanke jinin wanda ƙodarsa ta daina aiki. Faransawa na ce ma wannan aiki diyaliz. Mutum zai kwanta wajen awa 4, sau 2 ko 3 a kowane sati, har iyakar ransa. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, ta kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin jini. Mun gode. Amma manomin da ya shiga wannan hali ya rabu da gonarsa ke nan, don dole ya zauna kusa da na'urar.

Me ke kashe ƙoda? Manyan dalilai biyu su ne hawan jini da ciwon sukari, kuma sukan daɗe a jiki ba a sani ba. Na uku shi ne ƙwayoyin kashe ciwo da muke saye a tire, muna sha kullum don gajiyar aiki. Mai tire bai auna mu ba, hajarsa kuma ta wuni a rana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1995 ba, lokacin da aka yi wa mutum fiye da 50.000 allurar riga-kafi ta jabu a ƙasar nan.

Za ku ce farmasi da tsada. Gaskiya ne. Amma akwai maganin da ake kira jenerik: sinadarinsa ɗaya da mai babban suna, kuɗinsa kuwa kaɗan. Mu roƙi lokotoro ya rubuta mana shi a ordonansi. Babu kunya a ciki.

Saboda haka muna kawo shawara uku gaban taro. Ta farko, ƙungiya ta sayi abin awon jini, a auna duk wanda ya kai shekara 40 a kowane taro. Wanda nasa ya hau ya je likita. Ta biyu, a buɗe asusu don sayen magani ga wanda ciwo ya kama hannunsa babu kome. Ta uku, a zaɓi matasa biyu masu jin Faransanci da Zabarmanci su riƙa raka baƙonmu asibiti, kada ya koma gida bai gane yadda zai sha maganinsa ba.

Iyayenmu, ku ne gaba. In yaro ya ga dattijo ya miƙa hannu an auna shi, shi ma zai miƙa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.