Jawabin Bikin Cika Shekara Hamsin: Shaidun da Ba a Zana Ba



Sa'ad da muke Makarantar Littafi Mai Tsarki, mun ga waɗansu hotuna a ɗakin karatu da har yau ba su fita ranmu ba. Masu zane na ƙasar Italiya ne suka yi su. A zamaninsu yawancin jama'a ba su iya karatu ba, saboda haka sukan ba kowane shahidi alamarsa. A 1476 Karlo Kiribelli ya zana Istifanas da duwatsu a kansa da kafaɗunsa, da reshen dabino a hannu, irin na Ru'ya ta Yohanna 7:9. Abin da ya fi taɓa mu shi ne fuskarsa: babu fushi ko kaɗan. Mai zanen ya san Ayyukan Manzanni 7:60, inda Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara.

Tsakanin 1536 da 1541 kuma Mikelanjelo ya zana Bartalamawas a Roma, wuƙa a hannu ɗaya, fatar jikinsa a ɗaya, gama labarin ikkilisiya ya ce feɗe shi aka yi. Sunansa ne ke kan majami'ar ƙasa ta Wusasa da aka gina a 1929. Da yawanmu mun yi sujada a cikinta ba mu san wannan ba.

To, namu fa? Wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi, aka tsire Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa. Bai sami baftisma ba, kada mu ƙara wa tarihi abin da babu, amma bai janye maganarsa ba. Zuriyar mabiyansa, Isawa, su ne suka nemi Likita Mila a Zariya a 1913, aka kafa zaman Kirista a Gimi, nan kusa da mu. Ciwon barci ya cinye da yawansu. Babu wanda ya zana fuskar Malam Ibrahim. Wa zai iya lissafa mana sunayen waɗanda ke kwance a Gimi?

Mu ma a Taba muna da iyayen da dangi suka ƙi ci da su don sun bi wannan hanya. Waɗansunmu sun ga majami'un Zariya suna cin wuta a watan Maris 1987. Tsoronmu shi ne, 'ya'yanmu su gāji ɗacin, su rasa sunayen da kuma gafarar.

Ba mu da masu zane, amma muna da tsofaffi. Bayan sujada sakataren ikkilisiya zai zauna a bakin ƙofa da littafi. Iyayenmu, ku faɗa masa sunan kowa, da ƙauyensa, da abin da ya jimre.