Jawabi ga masu turke shanu: a bar wa yara masara

Ni tafinta ne a ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira, kuma maganar yau a kan san turke ce.

Da yawanku kun ɗaure sa ɗaya ko biyu don ku sayar kafin sallar layya. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai muna ganin gidajen da ake ɗiban masarar tuwo ana zuba wa sa, yara kuma su kwana da kunu tsararo. Sa zai yi ƙiba ko babu masara. A ƙasashen sanyi kamar Jamus, makiyaya kan rage masara su sa wani hatsi mai kama da alkama da ba ya fita a ƙasarmu. Mu a nan Poli, Allah ya ba mu dawa.

Dawa ta kusa kamo masara wajen sa ƙiba, amma da sharaɗi uku.

Na ɗaya, a ɓarza ta. In aka ba sa ita tsaba, da yawa za ta fita a kashinsa yadda ta shiga, kuɗinka ya zama abincin kaji.

Na biyu, a canza a hankali, cikin sati 2 zuwa 3. Fara da tafi biyu cikin dusa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sa da aka cika wa hatsi rana ɗaya, cikinsa kan yi tsami ya kumbura, ya yi zawo, ya daina tuƙa, wani ma ya mutu. In kun ga haka, ku janye hatsin, ku ba shi busasshiyar ciyawa, ku kira likitan dabbobi nan take.

Na uku, kada ya rasa harawar wake ko ta gyaɗa, da kanwa ko gishiri, da ruwa isasshe safe da yamma. Wanda ya samu hali ya haɗa da ƙulin auduga na Sodecoton da ake kawowa daga Garwa, don shi ne mai gina nama.

Abu biyu ku kiyaye. Hatsin da ya yi fumfuna, kada a ba dabba, balle mutum. Sannan gyauron dawa da ɗanyar dawa ƙarama suna da dafi mai kashe sa cikin sa'o'i kaɗan.

Iyaye mata, ku tara dusar da kuke samu wajen surfe, ku shanya ta bushe. Kada a tura yara su kaɗai daji yankan ciyawa. Kuma a bar sa a turkensa, kada ya shiga gonar masu masaukinmu ko gandun dajin Faro, inda aka hana kiwo.

Mai tambaya ya same mu a ofis. Allah ya sa albarka a kiwonku, ya mai da kowa gida lafiya.