Binciken Muhalli Kafin Manyan Ayyuka: Ina Za a Rage, Ina Za a Bari?

 

A ƙasashe da yawa yau ana kuka cewa binciken muhalli yana cin lokaci, yana tsayar da hanyoyi, da layukan wuta, da madatsun ruwa. Amurka, wadda dokarta ta binciken muhalli ta soma aiki a 1970, ta gyara ta a 2023: babban bincike kada ya wuce shekara 2, ƙarami shekara 1, har yawan shafukan rahoto aka ƙayyade. Wannan muhawara ta shafe mu, domin manyan ayyuka sun iso ƙofar gidanmu a nan gundumomin Dogonduci da Tibiri. Bututun mai na Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Satumba 2019, ya ratsa jahar Doso ta wajen Tibiri, ya fita ta Gaya zuwa tashar Seme a Benin, inda jirgin farko ya yi lodi a Mayu 2024.

Nijar na da dokokinta. An wajabta binciken tun 1997, aka ƙarfafa shi da babbar dokar muhalli ta 1998. Sai doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, da ƙudurin zartar da ita na Janairu 2019. Mai aiki ne ke ɗaukar nauyin bincike, hukumar binciken muhalli ta ƙasa, wato BNEE, ta tantance rahoto, ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. An kasa ayyuka aji-aji gwargwadon haɗarinsu, an kuma ce dole a saurari jama'a.

To, idan masu tsara doka suna son sauri, ina za su rage? Jinkiri iri biyu ne. Akwai na ofis: takarda ta kwanta a tebur tana jiran sa hannu, ko jami'i ya rasa motar zuwa daji. Wannan a yanke shi, babu tausayi. A sa wa kowane ofis wa'adi, a ƙara wa BNEE ma'aikata da kayan aiki a jahohi. Ginin aji biyu na makaranta ko gyaran rijiyar ƙauye ya samu amsa a nan kusa, ba sai an je Yamai ba. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, wato COFO, su kammala rubuta burtali, da makiyaya, da mashaya, da gonaki, ta yadda kowane sabon aiki zai tarar da taswira a ajiye.

Jinkiri na biyu shi ne lokacin da ƙasa da mutanenta ke bukata kafin a san su. A nan nake roƙon a yi hattara. Dallol Mawri kwari ne da ruwansa ke kusa da doron ƙasa. Da shi ake noman rani, da shi dankalin Dogonduci ya yi suna. Abin da ya tsiyaya a rairayin nan, mai ne ko guba, rijiya zai nufa. Injiniyan da ya zo a watan Maris zai ga busasshen kori, ya sa ƙaramin kwalbati. A watan Agusta ruwa ya cinye hanyar, ya shiga gidaje. Wanda ya kira taro lokacin da makiyaya suka yi arewa da dabbobinsu zai rubuta cewa fili ba mai shi, bayan kaka kuma garke ya dawo ya iske burtali a toshe, rikici ya tashi. Sauri kan haifi nawa, kuma kuɗin gyara ya fi na bincike.

Saboda haka duk gyaran dokar da za a yi, abu uku kada a taɓa su. Babban aiki a cikin dallol a duba wurinsa da damina da rani. Taron jin ra'ayi a yi shi da Hausa, da Fulatanci, da Zabarmanci, a kira mata masu lambu, a karanta wa mutane abin da aka rubuta da sunansu. Diyya kuma ta riga katafila shiga gona, kamar yadda dokar karɓar filaye ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta tanada.

Mu ma muna da aiki. Sarakuna da masu gari su nemi kwafin rahoto kafin a soma haƙa. Ɗalibanmu su karanci ilimin ruwa da ƙasa, domin yankinmu na Arewa ya samu 'ya'yansa cikin masu binciken. Muna son kwalta daga Matankari har Gecheme, muna son wuta da famfo, kuma muna son su da wuri. Hanyar samunsu da wuri ita ce a tambaye mu tun ana zanen aiki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.