Hawan Duwatsun Azbin: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Ɗaura Niyya



An nemi in yi magana a kan shawarar da wasu daga cikinmu suka kawo, cewa ƙungiya ta shirya ayari ya tafi hawan duwatsu a hamadar Azbin lokacin hutu. Ina goyon bayan shawarar, amma ba na goyon bayan gaggawar da ke cikinta, kuma zan faɗi dalili.

Azbin ba baƙon wuri ba ne ga mutumin Zamfara. Wanda ya tashi daga Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, ya bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore ya faɗa Jibiya, to ya kama hanyar Maraɗi ke nan, daga can sai Damagaram, sai Tanut, sai Agadas. Tsakanin Damagaram da Agadas kaɗai wajen kilomita 450 ne. Tarihin Gobirawa ya ce daga Azbin suka gangaro kudu, kuma an ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas. Har gobe Hausa ce harshen ciniki a kasuwar garin. Watau ɗalibin da ya je can gidan kakanni ya je, ba yawon buɗe ido irin na Bature ba.

Duwatsun kuwa suna arewa da Agadas. Mafi tsawo shi ne Idukal-n-Tages, mita 2,022, a bisa tudun Bagazam, kuma babu wurin da ya fi shi tsawo a ƙasar Nijar. Daga wajen Tabelot masu hawa kan kama hanyar ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya. Abin mamaki shi ne idan an kai sama sai a tarar da ƙauyuka da lambuna, Buzaye na noman albasa da alkama da ruwan rijiya. Can arewa kuma akwai Timiya mai lemo da rumman, da kufan birnin Asode, da dutsen Girebun mai mita 1,944. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita biyar. A 1991 hukumar UNESCO ta sa wani yanki na Azbin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya.

To me ya sa ake cewa a tafi a ayari? Ku saurari abin da ya sami Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarimu, wanda ya ratsa Azbin a 1850 kafin ya iso Katsina da Kano. A watan Yuli na shekarar, kusa da Gat, ya ga dutsen Idinen, wanda Buzaye ke cewa fadar aljannu ce. Suka hana shi hawa, ya ƙi ji. Ya tafi shi kaɗai, ya kai sama, ruwansa ya ƙare, wajen saukowa ya ɓace hanya. Ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi kwance, rai a hannun Allah. Barth mutum ne mai ilmi, mai ƙarfin jiki. Abin da ya rasa shi ne wanda ya san wurin, da wanda zai lura ya ɓace tun da wuri.

Fataken da sun daɗe da warware wannan matsala. Ayarinsu yana da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, da jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi da zango. Haka ayarin gishiri ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Mu kuwa 'yan boko kowa madugu ne, abin da aka yanke da safe sai a sake jefa ƙuri'a a kansa da azahar. Wannan ya yi kyau a zauren taro, amma a bisa dutse, inda rana ke faɗuwa ruwa na raguwa, dole a sami mutum ɗaya da zai ce a juya, kowa ya juya. Kuma saurin ayari saurin wanda ya fi kowa rauni ne, ba na zaƙaƙuran da ke gaba ba.

Ruwa shi ne babban lissafi. Mai hawan dutse a busasshiyar iska yana bukatar aƙalla lita huɗu zuwa biyar kowace rana, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce. Ɗalibai ashirin, kwana uku, lita 300 ke nan, ban da na girki da alwala. Sai kuma sanyi, wanda mutanenmu ba su cika kawo shi a rai ba idan an ce hamada. Duk mita dubu da aka hau zafi na raguwa da wajen digiri shida, a Disamba da Janairu kuwa dare a bisa Bagazam yakan kusa daskarar da ruwa. Da damina ba a kwana a cikin ƙorama ko da busasshiya ce ƙayau, domin ruwan da aka yi can nesa yakan taho da ambaliya ba sallama.

Saura maganar da ta fi nauyi, watau tsaro. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun durƙusar da yawon duwatsu a Azbin. A 2010 an sace ma'aikatan haƙar yuraniyam a Arlit, a 2025 kuma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakarmu da Nijar ta yi watanni a rufe. Ba ma sai mun je da nisa ba: 'yan'uwanmu na Zurmi da Shinkafi da Gurbin Ɓore da ke zaune a nan sun san abin da 'yan bindiga suka yi wa hanyoyinsu da gonakinsu. Wanda zai ɗauki 'ya'yan mutane ashirin ya bi da su wannan hanya, amanar rayuka ya ɗauka.

Saboda haka shawarata ga kwamiti ita ce a fara da abin da ke kusa. A hau Dala a Kano, a hau Kufena a Zariya, kowa da jakar kilo goma a baya, a ga wanda numfashinsa ke ɗauka. Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau ya fi su dacewa da horo, amma kada a taka shi sai masarauta da jami'an tsaro sun ce a zo. A cikin wannan lokaci a koya wa mutum biyu ko uku taimakon gaggawa, a buɗe asusun tafiya, sakatare kuma ya rubuta wa ɗaliban Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, su gaya mana halin da hanyar Tabelot ke ciki da wanda za su ba mu ya zama jagaba. Idan amsarsu ta zo, sai a dawo wannan zaure a sa rana.