Neman Ƙarfin Jiki Bayan Shekara 40: Nasiha Ga Alhazanmu Na Daura

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, malamai da alhazai da dattawa, batunmu na yau shi ne wani sabon yayi da ya shigo cikin masu hannu da shuni, musamman waɗanda suka ba shekara 40 baya. Alhaji ya je Kano ko Abuja ko Dubai, ya ga gidajen motsa jiki, ya dawo Daura da injin gudu da ƙarafan ɗagawa da gwangwanayen garin gina jiki. Wasu ma sun ƙara da allurar kumbura damtse, da gorunan maganin ƙarfin maza irin waɗanda ake talla da lasifika ranar kasuwa.

Mu sani, shari'a ba ta hana neman ƙarfi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, har sau biyu, kuma ya tsawatar wa Abdullahi ɗan Amru saboda takura jikinsa da azumi da tsayuwar dare. Idan har ba a yarda a cuci jiki da sunan ibada ba, ina ga cutar da shi don a ce wane ya yi kyawun ƙira?

Iyayenmu na Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa ba su san injin gudu ba. Sun yi huɗa da garma, sun ɗauki dami, sun ja guga, sun ci kasuwa da ƙafa. Mu kuwa da Allah Ya buɗa mana, sai muka shiga mota zuwa masallacin bayan layi, muka lizimci tsire da lemon kwalba da shayi mai kauri, muka kira tumbi alamar arziki. Ku tuna Babbar Sallar 2018, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, yana da shekara 75, ya tako daga filin Idi zuwa gidansa a nan Daura, kimanin mita 800, har abin ya zama labari a ƙasa baki ɗaya. Tafiyar da mai tallar fura ke ninkawa kafin hantsi ita ce ta zama abin mamaki, don kawai babban mutum ne ya yi ta. Wannan ya isa ya nuna mana nisan da muka yi da tafiyar ƙasa.

Saboda haka farkawar alhazanmu alheri ce, amma gajeriyar hanyar da wasu suka bi akwai halaka a cikinta. Likitoci sun tabbatar da cewa allurar kumbura damtse tana lalata hanta, tana raunana zuciya, tana ɗaga jini, tana kuma rage maniyyi har mutum ya kasa haihuwa. Gorunan ƙarfin maza kuwa, an sha samun irinsu an gauraya da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini kan faɗi farat ɗaya. Haka nan wanda ya shekara 20 bai yi gudu ba, ba ya wayi gari ya ɗaga ƙarfe mai nauyi alhali bai san awon jininsa ba. Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce sanarwarsa ta farko, a bar mata da 'ya'ya da jinya.

Nasiharmu huɗu ce.

Ta farko, a fara da awo a asibiti. Jinin da ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye yana bukatar likita. A duba sukari, a kuma auna ƙugu, kada ya wuce rabin tsawon mutum.

Ta biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiya da sauri ta minti 30 bayan Asuba, kwana biyar, ta cika mafi ƙarancin adadin, ba a biya ko kwabo ba.

Ta uku, a rage gishiri ya gaza giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi sun wadatar da tsoka ba sai an nemi gwangwani ba, kuma Sunna ta hore mu da kada a cika ciki fal.

Ta huɗu, a gyara niyya kuma a tsare al'aura, domin atisaye ba ya halatta tsiraici ko yaɗa hotunan ƙirji a waya. Mu nemi ƙarfin da zai kai mu sahun farko da ƙafafunmu, mu yi sujada ba a kan kujera ba, mu yi ɗawafi ba a turo mu a keke ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.