Cutar Kaji Da Ciwon Daji

Yau zancenmu a kan ciwon daji ne, watau sankara.

Ku sani jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kamar yadda ake gina soro da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kuwa da wa'adinta. In ta tsufa ko ta lalace, sai ta tsuke, ta farfashe, jiki ya share ta, wata ta maye gurbinta. A cikinta akwai wani mai gadi da masana ke kira p53, yana daga cikin masu ba da umurnin mutuwar nan. To, a wajen rabin masu ciwon daji mai gadin ya lalace. Ƙwaya ta ƙi mutuwa, tana ta hayayyafa, har ta zama ƙari.

Yanzu ga abin mamaki. Akwai wata ƙwayar cuta, irin da ake kira bairos, mai sa 'yan tsaki ƙarancin jini. Cikin 1994 masana a Laidin ta ƙasar Holan suka nuna wani furotin nata guda ɗaya ya isa ya sa ƙwayar kaza ta kashe kanta. Suka raɗa masa suna afoftin. Cikin 1997 suka gwada shi a kan ƙwayoyin mutum a ɗakin bincike. A cikin lafiyayyar ƙwaya sai ya tsaya a tsakar gida, bai taɓa kome ba. Amma a ƙwayar daji akwai wani sinadari da ke manna masa alama, sai ya kutsa har ƙuryar ɗaki inda ake ajiye tsarin gado, ya ta da umurnin mutuwa. Ko mai gadi ya lalace, aikin ba ya tsayawa.

Sai dai ku lura. Afoftin bai zama maganin da ake bayarwa a asibiti ba tukuna, ana kan bincike. Kada wani ya ruɗe ku da kwalba, kada kuma a ci kaza marar lafiya da sunan magani. Wanda ya ji ƙullutu a nono ko a wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko mace mai zubar jini ba lokacin al'ada ba, a tafi asibiti tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.