Jawabi Kan Lodin Tarakta da Sauke Ta Daga Tirela

Wannan jawabi domin manoma ne da direbobi da yaran mota da 'yan lodi.

Ƙofar Kwaya tana cikin ƙofofin birnin Katsina. Ta nan ake fita a kama hanyar Dutsin-Ma. Idan damina ta gabato, motoci sukan bi ta nan ɗauke da tarakta zuwa gonaki. Da kaka kuma sai injin sussuka. Da rani sai injin ban ruwa.

Mutane da yawa suna tsoron haɗarin hanya kawai. Amma akwai wani haɗari tun mota tana tsaye. Shi ne lokacin ɗora inji a kan tirela, da lokacin sauke shi. Aikin minti kaɗan ne, amma yana iya karya ƙafa, yana iya cin rai.

Dalili shi ne nauyi. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, wato buhun taki 20 mai kilo 50. Tarakta irin Massey Ferguson da aka saba gani ta haura tan 2. Ke nan ta fi buhun taki 40. Idan ta zame, babu ƙarfin ƙato da zai tare ta.

Kafin a Fara

Da farko a zaɓi wuri. Ƙasa ta zama mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. A guji yashi da taɓo da gangara. A guji bakin titi inda motoci da babura suke wucewa.

Tirela ta kasance a haɗe da motar da ke jan ta. Idan ba a haɗe take ba, gabanta yana iya ɗagawa sama da zarar inji ya taka bayanta. Direba ya ja birkin hannu. Yaron mota ya sa weji a gaban taya da bayanta.

Sai a duba matakan da inji zai taka ya hau. Na ƙarfe sun fi. Ruɓaɓɓen katako ba abin yarda ba ne. A ɗaure matakan a jikin tirela don kada su goce. Kuma su yi tsawo. Idan tsayin tirela daga ƙasa mita 1 ne, matakan su kai mita 4. Gajeren mataki yana sa hawa ya yi tsaye da yawa. Idan akwai taɓo a taya ko a mataki, a kankare shi.

A kori yara da 'yan kallo su koma nesa. Kada kowa ya tsaya a bayan inji ko a gefen matakai.

Lokacin Hawa

Mutum ɗaya tak zai riƙa yi wa direba ishara da hannu. Ya tsaya inda direba yake ganinsa. Idan mutum biyar suna ihu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, direba zai ruɗe. Idan direba ya daina ganin mai ishara, ya tsaya nan take.

Tarakta tana da birki biyu na ƙafa, na dama da na hagu. A haɗa su da ɗan ƙarfen da aka yi domin haka. In an taka ɗaya kawai, tarakta za ta juya gefe ta faɗo.

Direba ya daidaita tayoyi da matakai tun yana ƙasa. Ya sa ƙaramar giya. Ya hau a hankali. Kada ya canza giya a tsakiya, kada ya murza sitiyari. Idan ya ga ya karkace, ya koma ƙasa ya sake. Nauyin tarakta a baya yake, balle in tana ɗauke da garma. Saboda haka ya fi kyau ta hau da baya. Idan gabanta ya ɗaga, ba ta kai daƙiƙa biyu ba ta kife a kan direba.

Injin da ba ya tafiya da kansa, kamar injin niƙa ko janareto, a ja shi da sarƙa daga saman tirela. Kada a sa mutane su tura daga ƙasa.

Ɗauri

Inji ya zauna a tsakiyar tirela, ba gefe ɗaya ba. A sauke garma ta zauna daram. A kashe inji, a ja birki, a zare makulli. A ɗaure da sarƙa ta kusurwa huɗu. Igiyar ɗaurin buhu ba ta riƙe tarakta. Kada kowa ya zauna a kan inji lokacin tafiya.

A auna tsayin kaya kafin a tashi. A shekarar 2023 aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ƙofar Kwaya. Mai dogon kaya ya tabbata zai shige ƙarƙashin gada lafiya. Ya kuma lura da wayoyin wutar lantarki na cikin ƙauyuka. Bayan tafiya kaɗan, direba ya tsaya ya sake ɗame sarƙa, domin girgizar hanya tana sassauta ta.

Lokacin Saukewa

A nan mutane suka fi yin sakaci, don sun gaji kuma mai gona yana jira. A sake neman wuri mai kyau. A sake sa weji. Kafin a kwance sarƙa, a zagaya a duba ko inji ya gusa. Mai kwancewa ya tsaya a gefe, kada ƙarfen ɗauri ya fizgo ya buge shi. A sauko da ƙaramar giya, ba a furi ba.

Mai gona kada ya matsa wa direba. Noman da aka makara da sa'a ɗaya ana iya cim masa. Direban da ya karye kuwa, shi da iyalinsa sun rasa damina ɗungum. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyaye, amin.